Ina karanta Zabura 109 a kan ƙanen mijina, ga ɗansa ya kwanta

Inna, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni gwauruwa ce a nan Zinder, da yara huɗu. Damina biyu ke nan da rasuwar maigidana. Kafin ya rasu ya sayi fili a bakin gari wajen hanyar Mirriya, yakan ce ko bai gina ba yara za su gina. Muna cikin zaman makoki ƙanensa ya karɓi takardar, wai zai adana kada ta ɓata cikin hayaniyar masu gaisuwa. Bana sai na ji a bakin wata mata cewa har an sauke bulo a wurin. Da na tambaye shi, ya ce marigayi ya tafi da bashinsa, ya miƙo mini jika hamsin ya ce in sayi hatsi. Ni ban taɓa jin labarin bashin nan ba.

Majami'armu ɗaya. Shi ke zagayawa da kwanon baiko ran Lahadi. Wata takwas ban ci Jibin Ubangiji ba, kuma in an zo wurin "kamar yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi" bakina ba ya motsi. Na kai kuka wurin wani dattijo, ya ce in yi haƙuri, mu 'yan kaɗan ne a garin nan, kada mu ba da kunya. Wata 'yar'uwa kuma ta ce in riƙa tashi tsakar dare in karanta Zabura 109, wadda take roƙon masifa a kan maƙiyi, sau bakwai ina saka sunansa. Na yi ta yi. Makon jiya autansa mai shekara uku ya kwanta da zazzaɓi har yana jijjiga, yanzu yana asibiti. Tun ranar ban runtsa ba. Inna, ni na jawo? In Yesu ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu, me wannan zabura take yi cikin Littafi? In kuma na gafarta, filin marayu ya tafi ke nan?

Ɗiyarki, wata gwauruwa daga Zinder

Ɗiyata, sannu. Allah ya raya abin da maigidanki ya bari.

Zan fara da abin da ya hana ki barci. Ba ke kika kwantar da yaron nan ba. Duk uwar da ta yi reno a Damagaram ta san abin da ƙarshen damina yake kawowa. Sauro ya yi yawa, gadajen yara a asibiti su cika, ɗan mai addu'a ya kwanta, ɗan mai zagi ma ya kwanta. Likita ne zai faɗi sunan ciwon. Ni dai abin da na sani shi ne Ubangiji ba ɗan aike ba ne da za a tashe shi da dare a tura shi gidan wani da cuta. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, a Yahaya sura 9, tambayarsu irin taki ce, wa ya jawo, shi ko iyayensa? Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Ki sauke wannan kaya daga kanki.

Yau ɗin nan, kafin ki yi tunanin fili ko zabura, ki dama kunu ki zuba a kwano ki tafi asibiti. Ki gaida facalarki, ki zauna kusa da ita a tabarma, ki karɓi mafici ki yi wa yaron fifita ta ɗan miƙe ƙafa. In ƙanen mijinki yana wurin ki ce masa ya mai jiki, shi ke nan. Kada ki ta da maganar fili a can, kada kuma ki ce kin yi ta karanta musu wani abu da dare, don wannan tsakaninki da Ubangiji ne, in kina so ki haɗa da fasto. Yaron nan jinin mijinki ne, ƙanen 'ya'yanki ne. Rashin barcin da kika yi saboda shi ya nuna mini zuciyarki ba ta bushe ba, kuma na gode wa Allah a kan haka.

To, zaburar.

Ba kuskure ba ne ta shiga Littafi. Zabura 150 ne, kuma masu kuka da ƙorafi a cikinsu suna da yawa ƙwarai. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ba wanda ya tsallake ta 109, manzo Bitrus ma ya ɗauko aya ta 8 a kan Yahuza, a Ayyukan Manzanni 1:20. Allah ya bar ta a wurin domin ya san za a yi irinki, wadda aka cuta daga cikin gida, aka kuma ce ta rufe baki. A Zabura 13 sau huɗu mai waƙar yake tambayar Allah, har yaushe? Zabura 88 ta ƙare cikin duhu, babu ko aya ɗaya ta murna a ƙarshenta. Ubangijinmu da kansa a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kuka. Saboda haka in kin faɗa wa Allah cewa an cuce ki, kina fushi, har kina jin kamar ƙasa ta haɗiye mutumin nan, ba ki faɗa masa abin da bai sani ba, ba ki kuma yi saɓo ba. Gara ki zuba shi a gabansa da ki haɗiye ya zama miki hawan jini, ko ki sauke shi a kan yara da tsawa.

Inda na rabu da 'yar'uwar da ta ba ki shawara shi ne wajen sau bakwai, tsakar dare, da saka suna. Na san don tausayinki ta faɗa. Amma ke da ni mun tashi a ƙasar nan, mun san kamannin wannan abu. Ƙidaya da zaɓen lokaci da ambaton sunan mutum domin wani abu ya same shi, sunansa jifa, ko da ayar Littafi aka yi shi. Mai addu'a yana kai ƙara ne gaban alƙali ya tsaya ya jira. Mai jifa ya riga ya yanke hukunci, hannun da zai zartar kawai yake nema. Tsoron da ya kama ki da yaron ya kwanta, daga nan ya fito, don a can ƙasan ranki kin fara ɗaukan zaburar kamar kibiya.

Ki buɗe ta da rana tsaka, ki karanta ayoyi 31 ɗin a tsanake, sau ɗaya. Za ki ga mai waƙar yana cewa sun rama masa alheri da mugunta, ƙauna da ƙiyayya, shi kuwa addu'a yake yi. Za ki ga yana cewa shi matalauci ne, zuciyarsa ta yi rauni, gwiwoyinsa sun yi sanyi don azumi. Ki lura da wani abu: a aya ta 6 yana roƙo mai ƙara ya tsaya a hannun daman maƙiyinsa, a aya ta 31 kuwa ya ƙare da cewa Ubangiji ne ke tsaye a hannun daman matalauci. Mutumin ya shiga idonsa a kan maƙiyi, ya fito idonsa a kan Allah. Dawuda kuma da sunansa yake a kan zaburar, shi ne wanda Saul ya faɗo hannunsa cikin kogo a En-gedi, mutanensa suna zuga shi, bai yi komai ba sai yanke gefen riga, har wannan ma zuciyarsa ta dame shi a kai. Yana nan a 1 Sama'ila 24. Bakinsa ya faɗi duk abin da ke ransa a gaban Allah, hannunsa bai taɓa jinin Saul ba.

Sa'an nan ki tsaya a aya ta 9, ki daɗe a kanta. Roƙon da ke wurin shi ne 'ya'yansa su zama marayu, matarsa ta zama gwauruwa. Ɗiyata, duk majami'arku ba wanda ya fi ki sanin ma'anar waɗannan kalmomi biyu. Ke kika san yadda ake raba tuwon mutum uku wa bakuna biyar. Ke kika san abin da ake ji in watan 10 ya kama, an koma lakwal, ba kuɗin littafi ba mai tambaya. Sau bakwai kowane dare kina roƙa wa facalarki irin tabarmar da kike kwance a kai. Na tabbata ba abin da kike so ke nan ba. Hakkin 'ya'yanki kike so, da kuma wani ya tsaya ya ce an cuce ki.

Ni ma na bi ta hanyar nan, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Shekarar da zan aurar da babbar ɗiyata, uwar adashinmu ta cinye kwasata, alhali benci ɗaya muke zama a zumuntar mata. Zabura 35 na riƙe, wata da watanni. Wani dare cikin bazara, lokacin da famfo ba ya kawo ruwa sai gari ya yi tsit, na fita da bido biyu na shiga layi. A gabana wata 'yar yarinya ce tana gyangyaɗi a tsaye, ta jingina da bidonta. Da ta cika ta kasa ɗagawa, na sunkuya na ɗora mata. Sai da hasken tocila ya faɗa fuskarta na gane ɗiyar matar nan ce. Ta ce, "Na gode, Inna." Gammonta wani tsohon ɗankwali ne da na sani a kan uwarta. Na koma gida na buɗe wurin da na saba, na kasa karantawa. Ban yafe a daren nan ba, ya ɗauke ni fiye da shekara. Amma daga ranar na daina roƙon masifa ta sauka a gidan da yarinyar nan take kwana.

Mu Hausawa in an cuce mu mukan ce Allah ya isa. Ki saurari maganar da kunnen basira. In ya isa, ya isa. Ba ya neman ki ƙara masa da ƙidaya, ba ya neman ki gaya masa wace cuta zai aika da kuma gidan wa. Abin da Bulus ya faɗa ke nan a Romawa 12:19, cewa ramako na Ubangiji ne. Almajiran Yesu, Yakubu da Yahaya, sun taɓa neman izini su kira wuta daga sama ta cinye wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu, sai ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Bai ce ƙauyen sun kyauta ba. Wutar ce ya hana.

A nan zabura da bishara suke haɗuwa. Zabura ta ba ki bakin da za ki kai ƙara, bishara ta nuna miki fuskar alƙalin, wanda ana buga masa ƙusa yana cewa Uba ka gafarta musu. Wanda ya yi kuka da Zabura 22, shi ne dai ya yi wannan roƙo, a rana ɗaya, a kan itace ɗaya.

Yanzu tambayarki ta ƙarshe, wadda na ga ita ce ta fi ɗaure ki: in kin gafarta, filin ya tafi? A'a. Wanda ya koya miki cewa gafara ita ce shiru, bai karanta Matiyu 18 daga farko ba. Kowa ya haddace maganar yafewa bakwai har sau saba'in ta aya 22. Amma ayoyi kaɗan kafin nan, daga 15 zuwa 17, Yesu ya shimfiɗa abin da za a yi in ɗan'uwa ya yi laifi: a same shi shi kaɗai, in bai ji ba a koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a faɗa wa ikkilisiya. A Luka 17:3 ya ce a tsawata masa, in ya tuba a yafe masa. Ko misalin bawan nan da aka yafe wa talanti 10,000 ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100, ki sani dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙodago. Dinari 100 gumin sama da wata uku ne. Yesu bai ce ba kuɗi ba ne. Gafara ita ce ki sauke hannunki daga wuyan mutumin, ki daina nemansa da sharri, ki bar ƙofa a buɗe in ya dawo. Filin kuwa ba naki ba ne ke kaɗai balle ki bayar. Na yara huɗu ne da ba su da bakin magana sai naki.

Ina girmama dattijon da kika je wurinsa, amma bai ba ki amsa ba. Gaskiya ne mu 'yan kaɗan ne. Tun 1924 da masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM suka zauna a garin nan, ba mu taɓa yin yawan da wani zai yi abu a ɓoye ba. Mun kuma ga ranar Juma'a, 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u, mun ga maƙwabtan da suka ɓoye wasunmu cikin ɗakunansu, mun ji 'yan'uwa da yawa suna cewa sun yafe. Abin da na lura da shi tun daga lokacin, yafe wa baƙon da ba ka san sunansa ba ya fi sauƙi a kan yafe wa wanda kuke waƙa daga littafi ɗaya. Zabura 55 ta san wannan ciwo. Daga aya 12 zuwa 14 mai waƙar yana cewa da maƙiyi ne ya zage shi da ya jure, amma kai ne, abokina, wanda muke tafiya Haikali tare. In 'ya'yanki da Littafin Faransanci suke karatu, lambar ayar kan matsa gaba da ɗaya a wannan zabura. Amma ƙanƙantarmu ba dalilin binne hakkin maraya ba ce. Maƙwabtanmu Musulmi tun suna makarantar allo ake koya musu nauyin dukiyar maraya. Kina tsammani unguwa ba ta san wa ya sayar da filin ba? Kunyar da ake gudu ta riga ta fita, abin da ya rage a gani shi ne ko ikkilisiya za ta gyara. Yesu bai sassauta wa masu cin gidajen gwauraye suna doguwar addu'a ba, ki duba Markus 12:40. Da kuma ya so koya wa almajiransa naciya cikin addu'a, a Luka 18, gwauruwa ya ɗauko, wadda ta yi ta sintiri wurin alƙali tana neman hakkinta har ya gaji ya ba ta. Bai kira ta marar haƙuri ba.

Mataki na farko kin riga kin yi, tun da kin tambaye shi ya sallame ki da jika hamsin. Ki bari yaron ya warke ya koma gida, sa'an nan ki je wurin fasto da kanki, ba ta bakin kowa ba, ki ce kina neman zama bisa ga Matiyu 18. Ki tafi da namiji babba daga danginku, da wani babba daga dangin mijinki wanda ƙanen yake jin nauyinsa, da kuma dattijuwa ɗaya daga zumunta, don kada ki zama mace ke kaɗai cikin maza. Tambayoyin ba su da yawa. Bashin nawa ne, yaushe aka ci, wa ya shaida? Nawa aka sayar da filin, wa ya saya? Mai yiwuwa akwai bashin da gaske, maza sukan ɓoye wa matansu irin wannan, ki shirya ranki ki ji. In akwai, a cire shi a gaban shaidu, saura na marayu ne. Kafin ranar ki nemi wanda ya sayar wa mijinki da filin da waɗanda suka shaida cinikin, ki kuma sa a bincika ko akwai kwafin takardar a ofishin magajin gari. Kada ki yi sanyin jiki, gini in ya tashi magana takan ƙara wuya. Duk abin da aka shirya a rubuta a sa hannu. In filin ba zai dawo ba, a biya kuɗinsa ko da kaɗan-kaɗan, ko a ba da wani a madadinsa. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, da ya tuba bai tsaya ga kuka ba, cewa ya yi zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta.

Za a iya kawo miki 1 Korantiyawa 6, cewa ɗan'uwa ba ya kai ɗan'uwa ƙara. Ki roƙi a karanta aya ta 5 da ƙarfi, inda Bulus yake tambaya ko ba a sami mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai raba gardama ba. Nauyin a kan ikkilisiya ya ɗora shi. In sun zauna sun yi gaskiya, ba ki da bukatar zuwa ko'ina. In sun ƙi zama, ko shi ya ƙi jinsu, akwai mai unguwa, akwai fada, akwai kotu, kuma ni ban ga zunubi ga uwar da ta tsaya wa marayunta a can ba, muddin ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya ba.

Game da Jibin Ubangiji, wata takwas ya isa haka. Maganar barin baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa, a Matiyu 5:23 da 24, ga wanda ake da ƙara a kansa aka faɗe ta. Mai riƙe da kwanon ne ya kamata ayar nan ta hana barci. Ke kuwa, in kin daina neman sharrinsa, kina kuma so ki yafe ko da zuciya ba ta kai ba tukuna, ki faɗa wa fasto haka, ki zo teburin. In an kai wurin da bakinki yake tsayawa, ki faɗa a ranki irin abin da uban wani yaro marar lafiya ya faɗa wa Yesu a Markus 9:24, cewa ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Ki ce, Ubangiji ina so in yafe, ka taimake ni. Za ki faɗe shi ranar Lahadi, ran Talata ki ga ƙanen mijinki a kan babur fushin ya dawo sabo. Ki sake faɗa. Ina ganin shi ya sa Yesu bai tsaya a bakwai ba.

In dare ya yi barci ya ƙi zuwa, ki karanta Zabura 55 har aya 22, inda aka ce ki jibga wa Ubangiji nawayarki. Ki koya wa yara 68:5 su haddace, cewa Allah uban marayu ne, mai tsaya wa gwauraye. In kin ga sai kin koma 109, ki koma, taki ce, amma sau ɗaya, kuma in za ki saka suna, naki za ki saka, a aya 22 da 31.

Jika hamsin ɗin nan, ki rubuta ranar da ya ba ki da wanda yake wurin, don za a tambaya a zaman. Ki sake rubuto mini bayan kun zauna. Ina so in ji yadda yaron ya kwana, in kuma ji ko babbanki yana zuwa lakwal bana.